Cije Haƙora, Motsa Kunnen Hagu

Akwai wani labari da Clark Terry, shahararren mabushin jaz na Amurka, ya yi ta bayarwa har tsufansa. Shi yana bayarwa yana dariya, ni kuwa duk sanda na tuna da shi sai na ji raina ya ɓaci. Yana yaro a birnin St. Louis na ƙasar Amurka ya kamu da son busa turamfet, wannan ƙahon tagulla mai madannai uku da ake gani a hannun 'yan badujala da makaɗan jaz. Wata rana ya yi ƙarfin hali ya tunkari wani babban mabushi da ake ji da shi a garin, ya roƙe shi ya gaya masa yadda zai gyara amon ƙahonsa. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya je gida ya zauna gaban madubi, ya cije haƙoransa, ya riƙa motsa kunnensa na hagu yana busa. Yaro dai yaro ne. Ya koma gida ya duƙufa a kan abin da aka ce masa, har zuwa ranar da ya gane cewa wawa aka mayar da shi. Daga nan ya yi wa kansa alkawari cewa in Allah ya kai shi matsayin da wani yaro zai zo ya tambaye shi, zai gaya masa gaskiyar abin da ya sani.

Ya rayu shekara 94, kuma ya cika alkawarin. Idan ana maganar Terry, abin da aka fi kawowa shi ne ya yi busa a faifai sama da 900, ya yi aiki da manyan shugabannin ƙungiyoyin jaz Count Basie da Duke Ellington, an ba shi lambar Grammy ta girmama aikin rayuwa a 2010. Duk gaskiya ne. Amma ni a ganina babban aikinsa shi ne wannan alkawarin, kuma dalilina na rubuta wannan shi ne ɗabi'ar da ya yaƙa tana nan da ranta a kusan kowace sana'a: gwani ya zauna a kan abin da ya sani kamar kaza a kan ƙwai, mai koyo ya zo da ladabi a sallame shi da tatsuniya. Ina ganin wannan cin amana ne, ko da an lulluɓe shi da sunan "sirrin sana'a".

Kafin a yi wa yaron dariya, a duba yadda ƙahon yake. Wanda bai taɓa riƙe shi ba yana zaton yatsu ne ke yin aikin. Madannai uku ne kacal, kuma duk yadda ka haɗa su tsawon bututu bakwai kawai za su ba ka, alhali ƙwararren mabushi yana fitar da sautuka sama da talatin daga ƙasa zuwa sama. Sauran aikin na baki ne. Bututun, wanda in an warware shi zai kai kusan mita ɗaya da rabi, ba ya yin ƙara da kansa. Leɓɓan mutum ne ke karkarwa a cikin ɗan kofin ƙarfen da ake karawa a baki, ƙahon kuma ya ɗauki wannan karkarwar ya ƙara mata ƙarfi. Matsin leɓe, inda harshe ya kwanta, buɗewar maƙogwaro, saurin iskar da ke fitowa daga ƙirji, su ne ke raba sauti da sauti. Kuma duk a ɓoye suke. Mai koyon fiyano yana iya tsayawa a bayan malaminsa ya saci yatsu da ido. Mai koyon ƙaho ba abin da zai gani sai kumatu da ƙarfe. Abin da malami ya ce masa yana faruwa a cikin baki, shi zai ɗauka, don ba shi da hanyar tantancewa. Shi ya sa ƙaryar kunnen hagu ta shiga. Cije haƙora kuwa, ban da ɓata lokaci, toshe hanyar iska yake yi, wato an ɗora yaron a kan kishiyar abin da yake buƙata.

An haifi Terry ranar 14 ga Disamba, 1920, na bakwai cikin 'ya'ya goma sha ɗaya, a gidan da talauci ya yi wa katutu. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami. Ƙahonsa na farko shi ya haɗa abinsa daga tarkacen bola: guntun tiyo na ban ruwa, da mazurari a ƙarshensa a matsayin bakin da sauti ke fita, da ɗan bututun ƙarfe inda zai kara leɓe. Ƙarar da abin ke yi ta ishi maƙwabta, har suka haɗa kuɗi suka sayo masa ƙaho na gaske a shagon jingina. Ko tausayi ne ya sa su ko neman zaman lafiyar kunnuwansu, Allah masani. Abin lura shi ne a unguwa ɗaya ya haɗu da mutane iri biyu, waɗanda suka buɗe aljihu duk da ba su da shi, da wanda yake da ilimin ya rufe baki.

Sauran tarihin aikinsa a gurguje zan bi. Ya yi busa a badujalar sojan ruwan Amurka daga 1942 zuwa 1945, a sansanin Great Lakes kusa da Shikago. Ya shiga ƙungiyar Basie a 1948, ya koma ta Ellington a 1951 ya zauna har 1959. Yakan ce wajen Basie ya yi share fage, wajen Ellington ya yi jami'a. A 1960 gidan talabijin na NBC ya ɗauke shi, ya zama baƙar fata na farko da aka ba cikakken aiki a cikin makaɗan gidan, ya yi ta busa a shirin Tonight Show har 1972 da shirin ya bar New York ya koma Kalifoniya. Yana daga cikin waɗanda suka fito da ƙahon fulugal a fagen jaz, ɗan'uwan turamfet mai faɗin bututu da taushin murya. Mutum ne mai barkwanci, yakan juya ƙaho ƙasa ya koma sama ya busa shi a haka, ko ya riƙe ƙaho biyu, ɗaya a kowane hannu, ya sa su yi ta cacar baki da juna.

Inda nake so a tsaya a duba da kyau shi ne Seattle, a ƙarshen shekarun 1940. Ƙungiyar Basie ta sauka a garin, sai ga wani siririn saurayi ya nace wa Terry sai ya koya masa busa. Matsalar ita ce lokaci. Terry yana aiki har tsakar dare, ya yi barci da rana. Yaron kuma yana makaranta da rana, kuma shekarunsa ba su kai na shiga wuraren da ake kiɗan ba. Sai suka tsayar da asuba, bayan Terry ya tashi daga aiki, kafin yaron ya tafi aji. A yi tunanin mutumin da ya kwana yana matsa ƙarfe a leɓe, ga gajiya ga barci, ya zauna yana gyara wa ɗan wani yadda zai kara ƙaho a baki don kada leɓensa ya riƙa fashewa. Babu wanda zai zarge shi da ya ce yaro, je ka sai wani jiƙon. Sunan yaron Quincy Jones, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa a Amurka. Bayan shekara goma da 'yan kai, a 1959, Quincy ya kafa tasa babbar ƙungiyar zai tafi da ita Turai, Terry ya bar Ellington ya bi ɗalibinsa ya yi aiki a ƙarƙashinsa.

Ba na so a ɗauki wannan a matsayin ciniki, wai koyar da yaro don gobe ya ɗauke ka aiki. Cikin dubban yaran da Terry ya zauna da su, Quincy ɗaya ne. Mafi yawansu ba wanda zai taɓa jin sunansu: sun zama malaman kiɗa a makarantun sakandare, ko sun ajiye ƙahon sun kama wani abu. A lokacin da ya zauna da yaron Seattle bai san abin da zai zama ba, kuma wannan rashin sanin shi ne ya ba abin daraja.

Kuma shi ma ba waliyyi ba ne. Miles Davis, shahararren mabushin turamfet wanda ya taso a tsallaken kogin Misisipi a East St. Louis, kuma Terry ya girme shi da shekara biyar da 'yan watanni, ya ba da labarin cewa ranar da ya fara tunkarar Terry da tambayoyi, Terry ya share shi. Terry bai musa ba, ya ce hankalinsa a ranar yana kan 'yan mata. Daga baya suka shaƙu, Miles ya ɗauki abubuwa da dama daga salonsa. Na kawo wannan ne don a ga cewa bambancin Terry da wancan dattijon ba ya cikin fara'a. Wanda ya share ka ya bar ka inda ya same ka, gobe ka iya dawowa. Wanda ya yi maka ƙarya ya ɗora ka a kan hanyar da ba ta ɓullewa, kuma kana tafe kana yi masa godiya.

To me yake koyarwa? Ya taƙaita hanyarsa a matakai uku: ka kwaikwaya, ka narkar da abin ya zama jinin jikinka, sannan ka ƙirƙiro naka. A baki abin kamar wasa, amma matakin farko yana ƙona ran masu koyo na wannan zamani, don kowa so yake a ce yana da salon kansa tun bai iya riƙe ƙaho ba. Terry cewa yake ka ɗauki busar wani gwani daga faifai, ka koye ta da kunne, har inda ya ja numfashi da inda ya ɗan lanƙwasa sauti. Haka yaro ke koyon magana, ba wanda ya fara da nahawu. Sai abin ya zauna, har ba ka tunanin yatsu, sannan naka zai fara tsirowa da kansa daga cikin na mutane. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari a nan, da sharaɗi ɗaya: dole malami ya san lokacin da zai kori ɗalibi daga inuwarsa. Akwai malaman da ke son a dawwama a matakin farko, don kwaikwayon da ake musu yana musu daɗi. Shaidar da ke wanke Terry ita ce ɗalibansa ba su yi kama da shi ba. Miles ya tafi da busa mai ƙarancin sautuka da yawan shiru, ga Terry kuwa sautuka zuba suke kamar ruwan sama. Dianne Reeves, wadda ya ji muryarta tana 'yar sakandare ya jawo ta jiki, mawaƙiya ce. Terri Lyne Carrington ganguna take kaɗawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya fito da abin da ke ɓoye a cikin baki ya ba shi suna. Yawancin masu koyo ana ce musu su sari kowane sauti da harshe kamar mai cewa "ta-ta-ta", wanda ke fitar da busa tsattsaye irin ta fareti. Terry yana da wata dabara da ke sa sautuka su gangaro da sauri kuma da laushi, sai ya ce wa yara su riƙa faɗin "dudul-dudul", su kuma canza wasalin, "dadal, didil, dodol". Harshe yana taɓa dasashi sau biyu a kowace kalma ba tare da ya datse iska ba. Yakan sa aji guda su rera abin da baki kafin kowa ya taɓa ƙaho. Wannan fa ita ce dabarar da ake gane busarsa da ita daga sauti biyu ko uku, jarinsa ke nan, kuma ya raba ta ga duk wanda ya tambaya, a kalmar da ɗan shekara goma zai iya riƙewa.

Haka ya yi da numfashin da ba ya yankewa, har ɗan littafi ya rubuta a kai. Dabarar ita ce ka tara iska a kumatu, ka matse ta waje da tsokar fuska a daidai lokacin da kake shaƙar sabuwa ta hanci. Ana fara koyo da kofin ruwa da siririn bututun shan lemo, ana so kumfar ta ci gaba da tashi ba tsayawa. Na gwada, don in ji abin da ake nufi. Na ƙware, ruwa ya bi ta hanci, na jiƙa gaban rigata. Sai a wajen kwana na huɗu na samu kumfar ta wuce numfashi ɗaya ba ta tsaya ba, na ji kamar na ci gasa. Wanda bai san yadda ake yi ba, in ya ga mabushi ya riƙe sauti minti biyu sai ya rantse asiri ne. Kuma mai son a ɗauke shi mai asiri, shiru kawai zai yi.

Yanzu bari in yi wa dattijon nan adalci, don yana da hujja, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Amurkar shekarun 1930 ce, ga karayar tattalin arziki, ga wariyar launin fata da ta rufe wa baƙar fata ƙofofin manyan ƙungiyoyin kiɗa da gidajen rediyo. Wuraren da baƙin mabushi zai samu na abinci ƙalilan ne, kuma duk yaron da ya ƙware kujerar wani zai ɗauka. Mutumin da ya sha wuya shekara ashirin kafin ya gano yadda ake fitar da amo mai kyau, me zai sa ya miƙa wa wanda zai karya masa farashi gobe? Na fahimci tsoron. Da ya ce wa yaron ba zan gaya maka ba, da ban rubuta wannan ba, don kowa yana da ikon riƙe abinsa. Ƙaryar ce ba ta da uzuri. Ban da haka, lissafin nasa ma bai fita ba. Dabara rabin abin ce, sauran rabin shekarun da za ka yi kana maimaita ta ne, kuma wannan ba a iya sace shi. Terry ya raba "dudul" ga duniya fiye da shekara arba'in, har ya bar busa ba a samu wanda ya ture shi daga kujerarsa da ita ba.

Akwai wata suka kuma daga ɗaya ɓangaren. Tun da jaz ya shiga makarantu, daga makarantar da ta zama kwalejin kiɗa ta Berklee a Boston a 1945 zuwa digirin jaz na farko da aka buɗe a jami'ar North Texas a 1947, ake ta ƙorafin cewa aji ya kashe kiɗan: yara suna fitowa sun san sunan kowane tsani na sauti, amma busarsu ba gishiri, kowa kamar kowa. Masu wannan ra'ayi suna cewa da can da ake wahala, ana satar ilimi a bakin dandamali, an fi samun gwanaye. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Littattafan motsa leɓe da yatsu sun daɗe, na mabushin nan Arban tun 1864 aka buga shi a Faransa kuma har yau ana amfani da shi, amma littafi ba ya jin amonka balle ya ce maka ka saki maƙogwaro. Sai dai masu kewar zamanin wahala suna ƙirga waɗanda suka tsira ne kawai. Yara nawa aka ce wa su motsa kunnen hagu suka gaji suka ajiye ƙahon? Ba su cikin lissafi, don ba su yi faifai ba.

Abin da Terry ya yi shi ne ya ɗauki dandamalin ya kai shi cikin ajin. Tun yana NBC ya sayi kayan busa da kuɗinsa ya tara yaran Harlem yana koya musu. Daga baya ya shafe shekaru yana zagaya makarantun sakandare da jami'o'i, yana tsayawa a gefen yaro su yi busa tare, ya jefa masa jimla ya jira amsa. Ya koyar a Jami'ar William Paterson da ke New Jersey, inda aka ajiye takardunsa da kayansa. Da manyan mabusa na zamaninsa sun yi abin da ya yi da yawa, da ƙorafin rashin gishiri bai kai haka ba. Wanda ya ƙi shiga aji ba shi da bakin zagin abin da aji ya fitar.

Wurin da abin ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarshen rayuwarsa. Ciwon suga ya cinye masa ido, aka yanke masa ƙafafu biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ɗawainiyar jinya a Amurka ba wasa ba ce, sai da abokai da ɗalibai suka riƙa shirya wasannin neman gudummawa don a tallafa wa matarsa Gwen da kuɗin kula da shi. Mutumin da jami'o'i suka yi ta rataya wa digirin girmamawa ke nan. Muna son malami mai kyauta, muna yabonsa a taro, amma mun saba ɗaukar kyautar tasa kamar ruwan sama, abin da ke zuwa ba a biya ba. Idan al'umma tana so gwanaye su daina ɓoye abin da suka sani, sai ta cire musu tsoron da ke sa su ɓoyewa, wato tsoron tsufa hannu wofi. In ba haka ba, duk matashin mabushin da ya ga yadda Terry ya ƙare yana iya cewa ashe dattijon St. Louis ne mai wayo, kuma ban san da wane baki zan ƙaryata shi ba.

Shi dai bai daina ba. Wani ɗalibinsa, Alan Hicks, ya ɗauki fim a kan shekarunsa na ƙarshe, mai suna Keep On Keepin' On, wanda ya fito a 2014. A ciki ana ganin Terry kwance a gado a gidansa na Pine Bluff a jihar Arkansas, robar iska a hanci, ba ya gani, ba ya iya ɗaga ƙaho. A gefen gadon ga Justin Kauflin, matashin makaɗin fiyano wanda shi ma makaho ne, shi kuwa tun yana yaro, da ɗan fiyanonsa na lantarki. Dare ya raba, tsohon yana rera jimla da baki, da "dudul" ɗinsa, yaron yana nemo ta a kan madannai. In ya kuskure a sake, in ya dace tsohon ya yi dariya ya ƙaro wata. Wata rana Quincy Jones, wanda shi ma ya tsufa, ya zo duba malaminsa, ya tarar da yaron a gidan, ya ji kiɗansa, ya ɗauke shi ya tafi da shi yawon wasa ƙasashe.

A Disambar 2014, ana saura kwanaki ya cika 94, mabushin turamfet Wynton Marsalis ya kwashi babbar ƙungiyar kiɗansa ta Jazz at Lincoln Center gaba ɗayanta suka je asibitin da yake kwance a Pine Bluff, suka kafa kayansu suka yi masa busa. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu, 2015. An binne shi a maƙabartar Woodlawn da ke Bronx, inda Ellington da Miles suke kwance.